Tsakanin Awara Da Kwalbar Mai Magani: Me Ke Sauƙaƙa Wa Mace Ɗaukewar Al'ada?

Mace in ta doshi arba'in da biyar, al'adarta ta fara zuwa wannan wata ta tsallake biyu, kafin a kai ga ainihin bayani sai an yi dogon zagaye. Da farko a ce ciki ne ya kwanta, a shiga neman maganin tayar da shi. Da aka ga tana farkawa cikin dare sharkaf da gumi, gaɓoɓi na ciwo, sai a je kemis a haɗo mata na malariya da taifod, ta shanye, bayan wata guda a sake haɗowa. Idan kuma faɗuwar gaba da saurin fushi da mantuwa suka shigo, to an fara kallon kishiya ke nan, ko a ce iska ce. Sai a daɗe ana wannan ba a samu wanda ya ce mata, Hajiya, jinin ne ke shirin tafiya.

Yanzu maganar ta fara fitowa fili, amma 'yan kasuwa sun riga likitoci isa wurin. Duk mai waya ta ga tallan: shayin daidaita sinadaran jiki, tsimi, garin da ake damawa da nono, da kwalaben ƙasar waje masu hoton fure. Kowanne da shaidunsa. Ban ga laifin macen da ta karkata can ba. Asibiti layi ne, likita ba shi da lokaci, sau da yawa kuma namiji ne, ga nauyin baki. Mai magani kuwa 'yar'uwarta mace ce, za ta saurare ta har ta gama, ta aiko mata da kaya har gida.

Sai dai tambayar "wane magani ne na ɗaukewar al'ada" tun daga tushe a karkace take. Abin ba cuta ba ne, kuma wahalarsa ba guda ba ce. Hucin zafi da gumin dare daban, rashin barci da damuwa daban, bushewar gaba daban, sannan ga zaizayewar ƙashi da hawan jini waɗanda ba a jin su sai sun yi ɓarna. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar abubuwan da suka fi amfani yawancinsu suna cikin tukunya ko a tsakar gida, kuma abin da ya fi tsada shi ya fi raunin hujja.

Da ƙwayayenta ake haihuwar mace, ba a ƙara mata ko ɗaya. Idan suka kusa ƙarewa, sinadarin istirojin da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa ba sauka yake yi a hankali ba. Yau ya yi sama, gobe ya faɗi, babu tsari. Wannan lokaci na rikicewa yana iya cin shekaru, kuma mata da yawa a cikinsa suka fi jin jiki. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata goma sha biyu cur babu jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawanci hakan na faruwa tsakanin shekara 45 da 55, binciken da aka yi a Najeriya kuma ya fi nuna wajen 48.

Hucin zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya mamaye wuya da fuska, a ƙwaƙwalwa yake farawa. Akwai wani sashe da aikinsa shi ne daidaita ɗumin jiki. Robert Freedman na Jami'ar Wayne State a Amurka ya nuna cewa a jikin mata masu wannan matsala, tazarar da ke tsakanin "a yi gumi" da "a yi rawar ɗari" ta ƙuntace sosai, Naomi Rance ta Jami'ar Arizona kuma ta gano jijiyoyin da ke kumbura su rikice idan istirojin ya yi ƙasa. Sashen ya zama kamar mai gadin da ya firgita, motsin ɓera ma sai ya busa usur. Ɗumin da a da jiki ba zai kula da shi ba, yanzu sai a buɗe hanyoyin jini, gumi ya karyo, zuciya ta hau bugawa, bayan minti kaɗan kuma sanyi ya biyo baya.

Kuma ba abin wata shida ba ne kamar yadda ake faɗa a da. Wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda ya bi mata fiye da 3,000 a Amurka tun 1996, ya fitar a 2015 cewa matsakaicin tsawon lokacin da masu yawan hucin zafi ke fama shekara 7.4 ne. A cikinsu baƙaƙen fata ne suka fi daɗewa, shekara 10.1.

Me ya sa kowane magani ke da shaidu

Kafin a auna kowane ganye, akwai abin da ya kamata a riƙe. Hucin zafi na daga cikin matsalolin da suka fi jin maganin wofi, wato ƙwayar da babu komai a cikinta sai gari. Lokacin da masu tace bincike na Cochrane suka haɗa gwaje-gwajen maganin istirojin a 2004, sun tarar matan da aka ba ƙwayar wofi ma hucinsu ya ragu da fiye da rabi. Ba ƙarya suka yi ba, da gaske sun ji sauƙi. Sa rai na da tasiri a kan wannan sashe na ƙwaƙwalwa, kuma abin da kansa hawa da sauka yake. Mace takan nemi magani ne a makon da ya fi tsanani, makon da zai biyo baya kuwa ko ba ta sha komai ba zai ɗan lafa.

Ma'ana, ko ruwan ganyen mangwaro aka ɗura a gora aka ce maganin hucin zafi ne, sai an samu mata masu gaskiya da za su rantse ya yi musu aiki. Don haka "ƙawata ta sha ta warke" ba ta raba gardama. Abin da ke rabawa shi ne a kasa mata gida biyu, a ba waɗannan ganyen a ba waɗancan na wofi ba tare da kowa ta sani ba, a ga ko akwai bambanci.

Waken suya

A wannan ma'auni, waken suya ne ya fi ɗan tsayawa da ƙafarsa. Labarinsa daga Japan ya taso. A shekarun 1980 Margaret Lock ta Jami'ar McGill da ke Kanada ta tambayi matan Japan fiye da dubu masu shekara 45 zuwa 55, ta tarar kusan ɗaya cikin goma ce ke kukan hucin zafi, alhali a Amurka da Kanada kusan ɗaya cikin uku ce. Hankali ya koma kan abincinsu. A cikin waken suya akwai wasu sinadarai, aisofilabon, masu kama da istirojin a ƙira, suna iya zama a gurbinsa a jiki su yi ɗan aikinsa, amma da rauni ƙwarai.

A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta buga nazarin da ya haɗa gwaji 62 a kan mata 6,653. Sakamakon: irin waɗannan sinadarai na tsirrai suna rage hucin zafi da kamar sau ɗaya da ɗan wani abu a rana, suna ɗan rage bushewar gaba, amma ba su taɓa gumin dare ba. Ga mai fama sau goma a rana wannan ba waraka ba ce. Ga mai fama sau uku, wani abu ne. Akwai kuma dalilin da ya sa mata biyu za su ci abu ɗaya, ɗaya ta ji sauƙi ɗaya ba ta ji ba: ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjin wasu mutane suna juya aisofilabon zuwa wani sinadari mai ƙarfi da ake kira ikwal, na wasu kuma ba sa iyawa. A gabashin Asiya kusan rabin mutane na da wannan baiwa, a ƙasashen Turawa kuwa ba su kai ɗaya cikin uku ba.

Saboda wannan rashin daidaito ne ƙungiyar likitocin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka, a matsayar da ta fitar a 2023, ba ta sa waken suya cikin abubuwan da take ba da shawara ba. Na fahimci dalilinsu, amma tambayarsu da tamu ba ɗaya ba ce. Su suna tambaya ko ya isa a rubuta shi a matsayin magani. Mu muna tambaya ko matar da ke Kano ko Maraɗi, wadda awara ke kan kowace kwana a unguwarsu, ta mai da shi abincin yau da kullum. Ni a wurina amsar e ce. Nama ya yi tsada, waken suya na cike gurbinsa, yana da kyau ga zuciya, kuma in ya rage hucin zafi riba ce a kan riba. Abin kiyayewa shi ne man: awarar da aka tsoma a man da aka soya aka sake soyawa ta zubar da rabin alherinta. Gara a dafa ta cikin miya, ko a sha madarar waken ba tare da tula sukari ba, ko a zuba garinsa a kunu. Kuma ba a ganin aikinsa a mako guda. Sai an jure wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci.

Masu tsoron kada ya jawo sankarar mama su kwantar da hankali game da abincin. Wani bincike a Shanghai a 2009, kan mata 5,042 da suka riga suka kamu da cutar, ya tarar waɗanda suka fi cin waken suya sun fi ƙarancin dawowar ciwon. Amma abinci daban, ƙwayar da aka tace aka tara sinadarin a cikinta daban. Wadda ta taɓa yin sankarar mama kada ta kusanci ƙwayar sai da izinin likitanta.

Na kwalba da na gida

Wanda aka fi tallatawa daga waje shi ne mai suna black cohosh, saiwar wani tsiro na Arewacin Amurka. An gwada shi shekara guda a kan mata 351 a jihar Washington, aka buga sakamakon a 2006: bai fi ƙwayar wofi ba. A wannan shekarar kuma hukumomin magunguna na Ingila da Tarayyar Turai suka ce a rubuta gargaɗi a jikin kwalbarsa saboda rahotannin illa ga hanta. Wannan gargaɗi ya fi shafarmu fiye da su. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su ma sani ba.

Wani ganyen ƙasar waje mai suna St John's wort na ɗan taimakawa ga damuwa mara tsanani, amma yana karya ƙarfin wasu magunguna, ciki har da na ƙanjamau, da na tsinka jini, da ƙwayar tsarin iyali. Man shafawa na doyar daji kuwa wasa ne da tarihi. Gaskiya ne a shekarun 1940 wani masanin sinadarai, Russell Marker, ya samar da furojestaron, abokin aikin istirojin a jikin mace, daga wata doyar daji ta Meziko, amma a ɗakin gwaji ya yi, da matakai na haɗa sinadarai da jikin mutum ba ya iya yi. Shafa doyar ba ya zama komai.

Namu na gida fa? Hulba da habbatus sauda an yi musu ƙananan gwaje-gwaje, yawanci a Iran da Indiya da Malesiya, masu gajeren lokaci da mutane kaɗan. Abin da ya fi fitowa shi ne ɗan saukin sukari da kitsen jini, ba maganin hucin zafi ba. Ba jayayya nake da falalar habbatus sauda da ta zo a hadisi ba. Amma hadisin bai sa hannu a kan haɗin da wani ya cakuɗa da abubuwa bakwai ya liƙa masa suna ba. Mai shan maganin ciwon sukari ko na tsinka jini ta yi hattara da yawan hulba, domin aikinsu kan haɗu ya wuce gona da iri.

Zoɓo ya fi su hujja, sai dai a wani fanni. A Jami'ar Tufts a 2010 an ba mutum 65 masu hawan jini mara tsanani ko dai kofi uku na zoɓo a rana ko abin sha na wofi har mako shida. Na masu zoɓo ya sauka da kimanin maki 7. Tunda bayan ɗaukewar al'ada hawan jini kan fara leƙowa, wannan abin so ne. Amma zoɓon gwajin ba shi da sukari. Wanda muke sha a biki, da sukari da filebo, wani abu ne daban, kuma mai shan maganin hawan jini ba za ta ajiye shi ta koma zoɓo ba.

Abin da ba a zata ba

Abin mamaki a matsayar nan ta 2023 shi ne, a cikin hanyoyin da ba magani ba, waɗanda suka samu hujja mafi ƙarfi ba ganye ba ne, horon tunani ne. Myra Hunter ta King's College a Landan ta tsara wani shiri na mako huɗu zuwa shida da ake koya wa mace abin da ke faruwa a jikinta, da yadda za ta tare tunanin da ke zuwa tare da hucin, da tsarin barci. Gwajin da aka buga a 2012 ya nuna yawan hucin bai ragu sosai ba, amma yadda yake dagula wa mace rayuwa ya ragu ƙwarai, har ma ga waɗanda ɗan littafi kawai aka ba su suka karanta a gida. A Jami'ar Baylor da ke Texas kuma Gary Elkins ya gwada wata hanya ta sa mutum nutsuwa mai zurfi yana suranta sanyi, a kan mata 187. Bayan mako 12 hucin ya ragu da kashi 74 cikin ɗari, na rukunin da ba a yi wa wannan horo ba kuwa 17. Babu bori ko siddabaru a ciki, ƙwararre ne ke jagorantar tunanin mutum.

Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa a wurinmu, amma darasin ya shafe mu kai tsaye. Tsoro na rura hucin zafi. Matar da ta yi imani jifa aka yi mata, duk lokacin da zafin ya taso zuciyarta ta buga, fargaba za ta ninka mata wahalar, ta hana ta barci, rashin barcin ya ƙara mata fushi da mantuwa, mantuwar ta ƙara tabbatar mata da cewa an yi mata wani abu. Wadda ta san minti biyu zuwa biyar zai yi ya wuce, ba ya kisa, kuma mutanen da ke zaune da ita yawanci ba su ma lura ba, ta riga ta rage kaya. Shi ya sa nake ganin mafi arhar magani a wannan fanni shi ne bayani, kuma waɗanda suka fi dacewa su ba da shi su ne ungozoma, da malamar Islamiyya, da yayar da ta riga ta wuce wurin. Mai gida ma yana buƙatar jin sa, ko ya daina fassara sauyin halin matarsa da raini.

Maganar kauce wa zafi da yaji, matsayar ta ce babu gwajin da ya tabbatar suna rage yawan hucin. Haka ne, amma ba a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu aka yi gwajin ba, inda zafi ke haura digiri 40 kuma babu wuta. Hijabin roba a kan leshi a kan shimi ba ya buƙatar bincike kafin a san yana ƙara wahala. Tufafin auduga, ruwan randa kusa da gado, mafici a jaka, kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, duk ba su cin ko sisi. Goro da shayi mai kauri da yaji kuwa ba kowa suke tayar wa ba. Mace ta lura da kanta na mako biyu, abin da ta ga yana tayar mata ta rage, wanda ba ya yi ta ci abinta. Rage ƙiba yana da hujja: a cikin mata 17,473 da aka bi a Amurka, waɗanda suka rage nauyi sun fi samun rabuwa da hucin bayan shekara guda.

Ƙashi

Wannan shi ne ɓangaren da babu mai tallata maganinsa, domin ba ya ciwo sai ranar da aka zame a banɗaki ƙugu ya karye. Istirojin ne ke tsare ƙashi, kuma a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada mace na iya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Ana so wadda ta haura hamsin ta samu kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana. Kofin madara guda yana ba da wajen 300. Tuwo da shinkafa ba su da shi sosai. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ba rana suka rasa ba, kalsiyam suka rasa, abincinsu bai wuce ba su miligiram 200 a rana ba. Tukunyar da ta ciyar da yaran ita ke ciyar da iyayensu mata.

A nan ne ganyayenmu ke da bakin magana. Kuka na cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, haka zogale da riɗi da tamba, ga kindirmo, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Ba a buƙatar zogalen da aka ɗura a kafso aka ninka masa kuɗi. Kwaɗonsa da ƙuli ya isa. Wadda ba ta cika fita ba kuma ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, don jiki da hasken rana yake haɗa bitamin D.

Akwai wata al'ada tamu da ke cutar da iyaye mata da sunan gata. Da zarar an kawo suruka, jikoki sun taso, sai a ce Hajiya ki zauna ki huta. Daka da ɗaukar ruwa da tafiya unguwa a ƙafa su ne suke riƙe mata ƙashi, sai a raba ta da su daidai lokacin da ta fi buƙatarsu. Motsa jiki bai cika rage hucin zafi ba, gwaji ya nuna hakan, amma yana gyara barci da walwala, kuma ƙashi nauyi yake so. A Ostareliya an sa mata 101 masu raunin ƙashi cikin wani gwaji da aka buga a 2018: rabinsu suna ɗaga ƙarfe na minti 30 sau biyu a mako ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Bayan wata takwas ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na sauran ya ragu. Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Tafiya da sauri, hawa bene, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba sau goma-goma, sun fi zama a tabarma.

Inda ake yin ɓarna

Hucin zafi ko ba daɗe ko ba jima zai wuce. Bushewar gaba ba ta wucewa, ƙaruwa take yi, domin fatar wurin tana sirancewa idan istirojin ya tafi. Sai zafi lokacin kwanciya, da ƙaiƙayi, da yawan ciwon fitsari. Nan take a ce sanyi ne, a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da gwaji ba. Ga kuma gasar gidan kishiyoyi, wadda ke tura mace ga kayan mata.

Na ci da sha, irin su dabino da aya da kwakwa da kankana, abinci ne, ba su da laifi in ba mai ciwon sukari ba ce ta yi ta ɗura zuma da mazarƙwaila. Matsi ne abin tsoro. Alimun da kanwa da gishiri da miski da ganyayen da ba a san ko mene ne ba, aikinsu tsotse ruwa da ƙona fata, wato akasin abin da wurin ke buƙata. Likitocin mata a asibitocin Najeriya sun daɗe suna rubuta rahotannin matan da gabansu ya ƙone ya manne bayan matsi, har sai an yi tiyata. Abin da ke taimakawa mai sauƙi ne: a daina wanke ciki da sabulu ko ruwan zafi, a nemi man santsi mai ruwa-ruwa a kemis, ko a shafa tsantsar man kwakwa ko man kaɗanya daga waje, da sanin cewa mai yana fasa kororon roba. In bai isa ba, akwai istirojin na shafawa a wurin, wanda kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, kuma shi ne ke gyara fatar kanta.

Babbar illar dogaro da ganye ba guba ba ce, jinkiri ne. Idan jini ya rikice, mace takan fara zuwa wurin malam, kuma daidai ne, tana son sanin matsayin sallarta da azuminta. Malaman Malikiyya sun ce haila ba ta wuce kwana goma sha biyar, kuma jinin da ya zo wa mai shekara hamsin zuwa saba'in a tambayi mata masana a kansa. Wannan amsar ibada ce. Amsar lafiya kuwa ita ce, duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa. Wani babban nazari na 2018 ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari na masu irin wannan jini sankarar cikin mahaifa ce, kuma kusan kashi 90 na masu wannan sankara da jinin ta fara nuna kanta. In an kama ta da wuri tana warkewa. Ga kuma sankarar bakin mahaifa, ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya, wadda alamarta jini bayan kwanciya ne. Wata shida na shan saiwa a nan yana iya zama bambancin da ba ya gyaruwa.

Haka gumin dare in ya haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a gwada tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Bugun zuciya da rawar hannu da rama, a duba halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Kuma kafin a sha komai don "jini ya sauko", a yi gwajin ciki, domin a shekarun rikicewar nan ana ɗaukar ciki. Ba a sakin jiki sai an yi shekara biyu babu jini ga wadda ba ta kai hamsin ba, shekara ɗaya ga wadda ta haura.

Wadda abin ya hana ta barci da aiki duk da waɗannan dabaru, ta sani maganin asibiti na mayar da istirojin yana rage hucin zafi da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma babu ganyen da ya kama ƙafarsa. Tsoronsa ya samo asali ne daga babban gwajin Amurka da aka dakatar a 2002, wanda matsakaicin shekarun matan cikinsa 63 ne. Da aka sake nazari, sai aka ga ga mai lafiya da ba ta kai sittin ba, ko ba ta yi shekara goma da ɗaukewa ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Bai dace da wadda ta yi sankarar mama ko shanyewar jiki ko daskarewar jini ko ciwon hanta ba. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin arba'in kuwa, ganye ba zai tsare mata ƙashi da zuciya ba, likita take buƙata. Kuma ga masu ƙyamar "na Bature": yawancin irin wannan magani na zamani daga waken suya da doyar daji ake sarrafa shi.

Wadda duk da haka ta zaɓi sayen na kwalba, ta duba lambar NAFDAC. Ta magungunan gargajiya yawanci da harafin L take ƙarewa, kuma a ƙasa akwai rubutu da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Wato an duba cewa ba ya cutarwa a bayyane, ba a ce yana aiki ba. Ta sha abu ɗaya a lokaci guda don ta san wanda ya yi mata da wanda ya ɓata mata ciki, kuma ta tafi da kwalbar asibiti duk ranar da za ta ga likita. Haɗin da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a gorar ruwa ba shi da ko wannan. In kuwa cikin kwana biyu ya ɗauke duk ciwon gaɓoɓi, cin abinci ya buɗe, fuska ta fara cika, to a yi zargin an niƙa ƙwayar sha-ka-fashe a ciki, irin su dekzametazon, wadda ke tayar da sukari da hawan jini ta kuma cinye ƙashi. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke lokaci guda, don hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage mata shi a hankali.